Kafin Albasa Ta Rufe Ƙofa

Ɗakin kakarmu warin gabu yake yi, rani da damina. Ganyen albasa ne take dakawa, ta cura shi dunƙule-dunƙule ta shanya, sannan ta zuba a tukwane ƙarƙashin gadonta na kara. Duk yaron da ya kwana wurinta, da safe sai an gane shi a bakin rijiya. Sunanta Tabawa, amma ban taɓa jin wani ya kira ta da shi ba sai tsofaffi sa'o'inta. Ƙauyenmu yana gefen wata fadama a ƙasar Kalfu, inda ruwa ba ya da zurfi. Tun kafin a haife ni mutanenmu ke noman albasa da rani, suna jan ruwa da guga, suna watsa wa fangali da ƙwarya.

Lokacin ɗari muka fi taruwa wurinta. Da an ci tuwo bayan magariba, ni da yayata Dije da ƴaƴan maƙwabta sai mu nufi ɗakin, kowa da ɗan karansa ko busasshen kashin shanu, don ta ce ba ta gatana ga wanda ya zo hannu rabbana. Gatana muke cewa a yankinmu na Adar, abin da wasu ke kira tatsuniya. Wutar a tsakiyar ɗaki take, hayaƙi na neman hanya ta jinka, ita kuma tana zaune a kan ɗan turmi da ta kife, ta tura dankali cikin toka da tsinken kara.

Ni take fara tsokana, da yake ni ne jikanta namiji.

"Ga mijin nawa ya iso. Mi ka kawo mini, Illa? Kara guda? Wanga irin aure, ni dai na shiga uku. Zamna can, kar ka shure mini wuta."

"Kaka, in na girma zan saya miki raƙumi."

"In ka girma ni ina ƙasa tare da dankali. Zamna."

Ba ta buɗe gatana yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta karkata kunne wajen ƙofa ta ce, "Ina jin wata baƙuwa a waje." Mu kuma mu amsa baki ɗaya, "Ta shigo ta ji ɗumi." Daga nan kowa ya yi tsit.

Ta yi mana gatanai da yawa, na kura da na aljanu da na ƴan mata masu taurin kai. Yawancinsu sun gudu daga kaina. Wadda ta zauna ita ce ta mata uku maƙwabtan juna, Rogo da Dankali da Albasa.

A zamanin farko, in ji ta, tsirrai duk a sama suke ajiye dukiyarsu, kamar masu talla a kasuwa, kowa na gani. Sai wata shekara Damina ta yi fushi ta tafi, ta bar duniya a hannun Rana. Rana ta aiko da saƙo cewa tana nan tafe, kuma duk abin da idonta ya gani a saman ƙasa nata ne. Hankalin matan nan uku ya tashi, don kowacce tana da abinci, tana kuma da ƴaƴa.

Rogo ce ta fara. Mace ce mai ƙarfi da gaggawa. Ta dura abincinta duka cikin saiwoyinta har suka kumbura suka zama dogayen rumbuna a ƙarƙashin ƙasa. Sai da ta gama ta tuna ta bar ƴaƴanta a sama, manne a gaɓoɓin karanta. Shi ya sa har yau in ka binne rogo ba abin da zai fito, sai dai ya ruɓe. Karansa ake sarewa a dasa. Abinci a wani wuri, ƴaƴa a wani wuri.

Dankali ita ma saiwa ta cika, amma ta rarraba, kaɗan nan kaɗan can, ta kuma cusa ƴaƴanta a ƙarƙashin fata suna barci. Sai dai ba ta yi musu ƙofa ba. Da sun ji ƙanshin laima sai su ɓullo ta ko'ina, ko lokaci ya yi ko bai yi ba.

Albasa kuwa matalauciya ce. Saiwarta siririya ce kamar gemun bunsuru, ba abin da za ta ɗauka. Kara ma ba ta da shi, sai wani ɗan faifai a gindinta wanda bai fi maɓallin riga ba. Abin da ta mallaka ganye ne kawai, su ne ƴaƴanta mata. Sai ta zaunar da autanta a tsakiyar faifan nan, ta kira ganyayen ta ce kowacce ta bar kanta a sama tana nema, amma ta naɗe ɗan'uwanta da gindinta, kuma duk abin da ta samo ta turo shi ƙasa. Ƙarama ta rungume auta, mai bi mata ta rungume ta, har aka zo kan babbar, wadda ta rungume su duka. Gindinsu ya yi ta kauri. Da Rana ta iso ta fara cin kawunansu, babbar ta juye ɗan abin da ya rage mata ga na ciki, ta bushe ta koma ɓawo, ta zama bangon ɗaki. A ƙarshe Albasa ta tattara wuyanta ta matse shi tam, ta rufe ƙofa. Rana ta duba ba ta ga komai ba sai busasshen ganye kwance, ta wuce.

In ta kawo nan sai ta miƙa hannu ta ɗauko albasa guda, ta tsaga ta daga wuya zuwa gindi, ta kara ta kusa da wuta.

"Ku duba da idonku, kar ku ce tsohuwa ta yi ƙarya. Wagga ba saiwa ba ce, ganye ne. Ga faifan. Ga ɗan banzan autan nan a tsaka, shina kwance abinsa."

Mukan tura kawuna har gashinmu ya yi ƙauri. Ga shi kuwa, ɗan tsiro kore-kore, bai kai tsinin allura biyu ba.

Dije ce mai tambaya. Ta ce, "Kaka, babbar fa? Ba ta ji zafi ba?"

"Ta ji mana. Wa ya tambaye ta? Mai miya ma ita yake fara yasarwa."

Ni kuma na ce, "To in mutum ya zo ba ta gama rufe ƙofar ba?"

"Mai hankali ba ya zuwa. Ana hana ta ruwa, a ja da baya, a bar ta ta kwantar da ganyenta da kanta. Kai dai ci dankalinka, miji marar cefane."

Sai ta karkaɗe zanenta ta ce baƙuwa ta tashi, a ba ta hanya, wanda ya riƙe ta shi zai kwashe toka da safe. Mu watse muna dariya, bakinmu baƙi ƙirin.

Ban zauna a fadama na koyi aikin ba. Na ɗan taɓa lakkol, wato makarantar boko, na iya karatu da rubutu daidai gwargwado, sannan aka kai ni Tawa wurin wani tela. A can na girma, na yi aure, na kafa kekena a kasuwa. Kaka ta rasu ina saurayi. Albasa kuwa sai dai in gan ta a miya.

Allah ya ba ni ɗa namiji guda, shi ne na fari, sauran duk mata. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Kunya ce, haka muka taras. Mutane suna ce masa Ɗantela, ni kuwa "kai" nake cewa, ko "yaron nan". Ya tashi mai shiru, dogo, mai son aiki. Ban taɓa zama na yi hira da shi ba, kuma ban ga laifin hakan ba, don ubana ma bai yi da ƴar farinsa, yayata Dije, ba.

Da zamanin jam'iyyu ya zo, da farko teloli mun ji daɗi. Kowa na son a ɗinka masa rigar taro, muna kwana kan keke. Abin bai daɗe ba. Aka karya darajar kuɗinmu na sefa, yadi ya yi tsada, ma'aikata suka shiga yajin aiki, gwanjo ya cika kasuwa. Sai in wuni ban sa zare a allura ba. Samarin Adar kuwa dama tafiya suke yi, wasu Abijan, wasu Kamaru, wasu Libiya, amma a shekarun nan sai abin ya zama kamar ana kwashe su da tsintsiya. Na lura yaron nan ya fara zama wurin masu dawowa, yana sauraro.

Ba ni da bakin da zan ce masa kada ya tafi. Sai na nemi abin da zai faɗa masa a madadina. A lokacin manyan motoci na zuwa daga ƙasashen bakin teku neman albasa, kuma kowa ya san wanda ya iya ajiye tasa har kaka shi ke cin moriyarta. Na sayar da kekena, na sayi ɗan injin ban ruwa irin wanda ake kawowa daga Najeriya, na ce wa yaron ya ɗauki tabarmarsa, za mu fadama har da uwarsa da ƙannensa. Gonar ubanmu tana nan. Yaya Dije, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida, tana noma ɗan gefe da guga.

Mun makara da dashe, don sai da cinikin keken ya faɗa. Amma albasar ta yi kyau. Injin na ruri, ruwa na gudu cikin fangali, ganye ya tashi kore shar har gwiwa. Yaron ya yi aiki kamar mutum biyu. Da hannunsa ya kafa rudu, wato rumfar ajiyar albasa, ya ɗaga ta kan itace don iska ta riƙa ratsawa, ya yi mata jinka.

A shekarar Sallar Layya a bazara ta faɗo. Wani ɗan ƙauyenmu mai suna Alio, wanda ya daɗe yana aikin gini a Libiya, ya zo Salla gida. Mutum ne natsattse, ya san hanya, ya san direbobin da ake shiga motarsu da waɗanda ake gudu. Samari da dama suka shirya bin sa. Wata safiya muna gyara bakin rijiya, yaron ya yi magana ba tare da ya ɗago kai ba.

"Baba, su Alio za su tashi bayan Salla. Sun ce akwai wuri."

Na ce, "Miƙo mini tiyon can."

Ya miƙo. Muka ci gaba da gyaran.

Na dubi gonar. Ganye na tsaye, sai ɗaiɗaiku ne suka fara sunkuyawa. Albasar tana bukatar a ɗauke mata ruwa, a ba ta ƴan makonni. Salla kuwa ta matso. Na ce a raina, in yaron nan ya ga rudu cike kafin motar su Alio ta tashi, ba zai hau ba. In kuwa albasa na ƙasa, ba abin da ido ya gani, zai tafi.

Ƙasar fadamarmu laka ce, in ta bushe sai ta riƙe albasa kamar dutse. Don a yi saurin cira, na tada injin na shayar da gonar sosai, washegari muka shiga. Albasa ta riƙa fitowa cikin sauƙi, manya-manya, jajaye, masu nauyi. Na bi su da wuƙa ina yanke ganyen daf da kai, don hannun tela ba ya son ganin zare na reto.

Da hantsi Yaya Dije ta zo da kwando kwasar ganye. Ta ɗauki albasa guda, ta danna wuyan da babban yatsa. Ruwa ya tsatso.

"Illa, wuyanta ɗanye na."

"Rana za ta busar da shi, Yaya."

"Rana riga take busarwa, ba ta shiga ciki. Wa ya kore ka? Ko ɓarayi ka ji?"

"Ki kwashi ganyenki dai."

Ta buɗe baki za ta ƙara, sai idonta ya kai kan yaron can nesa, yana ɗauke da buhu a kafaɗa. Ta dube shi, ta dube ni. Ta ajiye albasar a hankali.

"To. Allah shi sa ta yi haƙuri da kai."

Muka shanya ta kwana kaɗan, ɓawon waje ya bushe ya yi ƙyalli, muka jera a rudu har ya kusa taɓa jinka. Ana gobe Salla na hango yaron tsaye a gabansa, hannu a ƙugu. Ya daɗe a wurin. Da ya juyo ya gan ni sai ya ce, "Baba, wagga in ta kai kaka, ai mun tsira." Na ce masa ya je ya ba tunkiya ruwa. Bayan Salla motar su Alio ta tashi ba shi. A daren na ci tuwo har na nemi ƙari, uwarsa tana mamaki.

Da ruwan farko ya sauka, iska ta yi nauyi, na fara jin wani wari in na gitta ta wajen rudu. Na ce wa kaina ɓera ne ya mutu. Sai ƙudaje suka taru. Sai wani baƙin ruwa ya fara ɗiga ta ƙasan itacen. Ranar da muka buɗe, albasar sama tana nan da kyanta, ja, kamar ba abin da ya same ta. In ka danna wuyan sai yatsa ya nutse. Na tsaga guda daga wuya zuwa gindi. Ruɓar ta shiga ta inda na yanke, ta bi ganye guda ta gangara har faifan, daga nan ta kama na kusa da shi. Na tsakiyar ya narke.

Muka yi ta tsincewa, muna fitar da masu kyau, bayan kwana kaɗan su ma su bi sahu. Ni da shi muka riƙa ɗaukar kwanduna muna zubarwa a kwazazzabo bayan gari. Da ya yi mini tsawa, ko ya yi gunaguni, da na fi samun sauƙi. Sai dai in ya sauke kwando ya wanke hannu da ƙasa, ya dawo ya ɗauki wani.

Daminar ma ba ta yi albarka ba. Hatsi ya fitar da kai, ruwa ya ɗauke. Injin ya lalace, ba halin gyara. Bayan an yi ɗan girbin da aka samu, wata asuba ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina.

"Baba, zan tahi."

"Da wa?"

"Akwai mutane a tashar Tawa."

"Ka san su?"

"Za mu saba a hanya."

A lokacin hanyar arewa ba ta da lafiya, kowa ya sani. Na nemi abin da zan riƙe shi da shi, ban samu ba. Na nemi abin da zan ba shi, shi ma ban samu ba. Na ce, "Allah shi kiyaye." Ya ce amin, ya tashi. Ban raka shi ba, don uba ba ya raka ɗan fari. Na tsaya a bayan danga ina kallon ƙeyarsa har ya sha kwana.

Wani direba ya kawo saƙo daga Agadas cewa ya gan shi, lafiya lau, suna jiran mota. Wannan ne labari na ƙarshe. Da su Alio suka zo ganin gida na je na same shi. Ya ce ya tambaya a duk inda ƴan Adar ke zama a can, ba wanda ya gan shi. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Ban koma Tawa ba, ba keken da zan koma wa. Na zauna ina taya Yaya Dije da guga a ɗan gefenta. Ita tata albasar ta kai kaka ba ta ruɓe ba, don ta bar ta ta kwanta da kanta. Daga ciki ta zaɓi masu kyau ta mayar da su ƙasa da sanyi ya shigo, don a samu iri. Ban taɓa tsayawa na kalli wannan aikin ba sai a lokacin. Daga tsakiyar kowace albasa wani kara mai rami ya taso, ya wuce ganye, ya kai ƙugun mutum, ya yi farin fure dunƙule kamar curin auduga. Zuma ta yi ta zuwa. Furen ya bushe, muka yanke kawunan, muka murje baƙin iri a faifai.

Da muka zo share fangalin, na kama guntun kara guda na ja. Ya fito ba nauyi. Na duba gindin, inda muka binne albasa mai cika hannu, ba komai sai ɓawo a yamutse, kamar tsumma. Na tona na kusa da shi, haka. Na zauna a bakin fangali da abin a hannuna.

Yaya Dije ta ce, "Mi kake kallo?"

"Ba komai a ciki, Yaya."

"To mi kake so ka iske? Ai ta ba shi ya hita da shi."

Ta ci gaba da shararta. Ita ba wani abu take nufi ba, aikin da ta saba ne take faɗa.

Gatanar Kaka a rufe ƙofa take tsayawa, mu kuma yara ba mu taɓa tambayar ranar buɗewa ba. Na girma ina ɗauka labarin ɓoyo ne, yadda uwa ke tsare ɗanta kada duniya ta gan shi. Sai da na tsufa na ga sauran da idona. Abin da ganyayen nan suka tara ba don auta ya dawwama a ɗaki ba ne. Guzurinsa ne. Ana rufe ƙofar ne don ya jira lokacin da ya dace, in lokacin ya yi kuwa gidan duka ake juye masa, ya fita da ƙarfi, su kuma su zama tsumma.

Na san komai da ƙaddara, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma in na zauna ni kaɗai, lissafin da zuciyata ke yi ɗaya ne. Da na gane haka a bazarar nan, da na bar albasa ta ƙarasa kwanakinta a ƙasa. Da na sayar da injin tun yana aiki na ɗaure wa yaron guzuri, na ajiye kunya na raka shi tasha, ya hau mota ɗaya da su Alio. Su dukansu sun isa lafiya.